ZAUREN IYAYE MATA: Ga Ƙwaƙwalwa, Ina Sakamako?

 Ina masu jego da masu goyo? Allah Ya raya mana.

Kwanakin baya na je suna a Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Kin dai san gidan suna: an yanka rago, mai jego na ɗaka da kunun kanwarta, mu kuwa mun baje tabarmi a tsakar gida, hira ta yi daɗi. Daga zancen jaririya aka koma na wata da ta yanka wa ɗanta kek ranar da ya cika shekara 5, wasu na yabawa, wasu na cewa yayin 'yan birni ne. Ana cikin dariya sai na lura wata baiwar Allah ta yi tagumi. Da na matsa mata sai ta ce:

"Yaya, ɗiyata ce. A Islamiyya, malam ya biya sau biyu ta ɗauke. A firamare ita ke zuwa ta ɗaya. Amma tun da ta shiga sakandare ta koma ta talatin da wani abu. Babanta ya ce in wannan zangon ma haka ne, ta zauna gida."

'Yar uwa, wataƙila ke ma akwai irinta a ɗakinki. Kafin ki kira ta malalaciya, ko ki ɗauko bulala, ki binciki abubuwa uku.

Na farko, jikinta. Tana karyawa kafin ta fita? Tana hango allo daga inda take zama? Ƙarancin jini da tsutsar ciki suna sa yaro kasala da gyangyaɗi a aji, kuma duka ana maganinsu a asibiti.

Na biyu, lokacinta. Yarinyar da ta yi ɗibar ruwa da asuba, ta yi talla da rana, ta yi rainon ƙanne da yamma, yaushe za ta buɗe littafi? Ki ware mata ko rabin awa bayan Magariba, kada kowa ya aike ta.

Na uku, bakinmu mu iyaye. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada 'yan firamare. Waɗanda aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sai suka riƙa zaɓen aiki mai sauƙi, kuma da suka faɗi sau ɗaya gwiwarsu ta yi sanyi. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu kuwa sun fi dagewa. To haka abin yake a gidajenmu. Yaron da ya saba ci ba tare da ya wahala ba, ranar da karatu ya yi tauri sai ya ɗauka asirinsa ne zai tonu, ya gwammace ya yi shiru. Don haka ki riƙa cewa, "Na ga kin zauna kin yi aikinki, Allah Ya yi miki albarka." Ki kuma daina auna ta da 'yar kishiya ko ta maƙwabta.

Game da maigida kuwa, ki lallaɓe shi cikin ladabi. Ki tuna masa a birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE a 1999, dokar 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta, wato har aji 3 na ƙaramar sakandare. Balle mu jikokin Nana Asma'u, wadda kafin rasuwarta a 1864 take tura jajis ƙauye-ƙauye su karantar da mata.

Bayan mako biyu matar nan ta kira ni. Ta ce ta zaunar da yarinyar su biyu kawai, sai ta fashe da kuka. Ashe Turancin malamai ne ba ta ganewa, kuma tana kunyar tambaya, tunda kowa ya san ta da kaifin ƙwaƙwalwa. Yanzu wata yayarta 'yar aji 5 ke yi mata bita, babanta kuma ya ce ta ci gaba.

Maganar ranar haihuwa kuwa, ki yanka kek ko kada ki yanka, wannan tsakaninki da malamanki ne. Ni roƙona shi ne, duk shekara in ranar ta zagayo, ki zaunar da ɗanki, ki buɗe littattafansa shafi-shafi, ki tambaye shi wane darasi ke ba shi wuya. Hidimar da muka yi masa ranar suna somin taɓi ce, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.