Fenti Da Tambari: Inda Ƙaramin Jirgi Ke Gyaruwa Ko Ya Lalace

Yau za mu tsaya a inda mafi yawan masu haɗa ƙananan jiragen sama na roba suke tuntuɓe, wato shafa fenti da manna tambari. Haɗa jirgin da gam ba shi da wuya, yaro ɗan shekara goma zai iya gamawa a yini guda. A wurin fenti ne ake rabuwa. Ko dai a samu abin da za a ɗora a kan kabad, baƙo ya shigo ya tsaya yana kallo, ko kuma a samu dunƙulen roba kamar an tsoma shi a kunu. Kwalin jirgin nan ba araha gare shi ba, sau da yawa ma sai an yi odarsa daga waje. Yaron kuwa da ya ga aikinsa ya lalace a ranar ƙarshe, da wuya ya sake cewa a saya masa wani.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: jirgin yaƙin Ingila mai suna Hawker Hurricane, wanda Sydney Camm ya tsara, ya fara tashi a watan Nuwamba na 1935. Kamfanin Airfix yana yin sa a ma'aunin 1:72, wato an rage komai nasa sau 72. Faɗin fuka-fukan na gaske ya ɗan haura mita 12, don haka naku zai kai kusan santimita 17. Jirgin ba baƙo ba ne a sararin samaniyarmu. Daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Ghana, a haɗa su a can, sannan matuƙa su bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, su ratsa Sudan su isa Masar. Hurricane na cikin waɗanda suka fi bin wannan hanya.

Kafin a buɗe gwangwanin fenti, yaro ya san dalilin launukan. Fentin ɓad-da-kama ne. A lokacin da aka gwabza yaƙin sama a kan Ingila a 1940, bayan jirgin yana da ruwan ƙasa mai duhu da kore mai duhu, a karkace cikin juna, don wanda ke kallo daga sama ya kasa raba shi da gonaki da bishiyoyi. Cikinsa kuma fari ne mai sirkin kore, don ya saje da sararin sama ga wanda ke ƙasa. A fentin Humbrol, lamba 29 ce ruwan ƙasar, 30 koren, 90 kuma na cikin. Da yaƙi ya yi zafi a hamadar Masar da Libiya, kore ya zama tonon asiri, sai aka maye gurbinsa da ruwan yashi, cikin kuma aka mai da shi shuɗi mai haske. Ku zaɓi ɗaya daga cikin biyun, ku bi zanen da ke cikin kwalin. Zanen nan ba son ran mai fenti ba ne, ma'aikatar jiragen sama ce ta fitar da shi, masana'antu suka bi.

Aiki na farko shi ne wanka. A wanke jirgin da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, domin maiƙon masana'anta da na yatsu yana hana fenti kamawa. A bar shi ya bushe sarai. Sannan a rufe gilashin mazaunin matuƙi da salatif na takarda, ko a ajiye shi gefe sai an gama komai.

Ƙa'idar fenti guda biyu ce. Ta farko, a fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu: ciki tukuna, sai ruwan ƙasa a bayan jirgin gaba ɗaya, sannan koren a kansa. Mai duhu yana rufe mai haske cikin sauƙi, mai haske kuwa sai ya wahalar da ku kafin ya rufe mai duhu. Ta biyu, a tsinka fentin har ya yi ruwa kamar madara. Shafin farko zai fito da zane-zane, robar na leƙowa ta ƙarƙashi, yaro zai ce ai bai yi ba, a ƙara. Nan ne ake buƙatar babba a kusa. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, saboda mai kaurin yana cike 'yan layukan da aka zana a jikin robar, ya kuma bar sawun burushi.

Fenti iri biyu ake samu. Na ruwa yana bushewa cikin ƙasa da sa'a guda, ba shi da wari sosai, kuma da ruwa ake wanke burushinsa. Shi ya fi dacewa da yara. Sai dai a zafin bazara yakan fara bushewa tun yana bakin burushi, don haka a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, a yi aikin da safe. Na mai kuwa da tina ake tsinka shi, sai a buɗe taga, kuma a bar kowane shafi ya kwana. Ko wanne kuka ɗauka, ku kifa roba ko kwali a kan jirgin yayin da yake bushewa, musamman da hunturu, don ƙurar da ta zauna a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan.

Idan an zo kan koren, a fara zana iyakarsa da fensir a hankali, ana duban takardar kwalin. A bi layin da siririn burushi, sannan a cike tsakiya. Wanda hannunsa ke rawa ya yanka salatif daidai da siffar, ya danne bakinsa da farce, ya riƙa jan burushi daga kan salatif zuwa waje, don kada fenti ya kurɗa ƙarƙashi. Yankan da reza aikin babba ne.

Yanzu sai tambari. Waɗannan ba irin sitikar da ake ɓarewa a manna ba ne. An buga su ne a kan wata siririyar fata marar launi, wadda ruwa ke sakinta daga takarda. Abin da ke ɓata su shi ne wannan: fentin ɓad-da-kama ba shi da sheƙi, fuskarsa na da kaushi ko da ido bai gani ba. In aka ɗora tambari a kansa kai tsaye, iska na maƙalewa a ƙarƙashi, gefen tambarin ya yi fari-fari yana ƙyalli kamar azurfa. Maganinsa shi ne a shafe jirgin da fenti marar launi mai sheƙi, a bar shi ya kwana, sannan a fara mannawa.

A yanko tambari ɗaya kawai. A tsoma shi a ruwan ɗumi kamar daƙiƙa 15, a ɗora a kan tsumma har sai ya fara zamewa da kansa. Kada a ja shi da ƙarfi, yagewa zai yi. A jiƙa wurin da zai zauna, a riƙe takardar da matsefata, a turo tambarin da jiƙaƙƙen burushi. In ya daidaita, a mirgina tsinken auduga daga tsakiya zuwa gefe don fitar da ruwa da iska. Bayan gangar jikin Hurricane na gaske da yadi aka lulluɓe shi a kan siraran katakai, shi ya sa wurin yake da tudu-tudu a jikin robar. A nan ruwan laushi irin Micro Sol yake amfani. Da an shafa shi tambarin zai yamutse, hankalin kowa ya tashi. A ƙyale shi, kada a taɓa, yana bushewa zai miƙe ya kwanta kamar da fenti aka zana shi.

Ku lura da wurin kowane tambari. Da'irar saman fiffike shuɗi da ja ce kawai, an cire farin don kada ya tona ɓad-da-kamar. Ta gefen jiki tana da ja, fari da shuɗi, da zoben rawaya a waje. A tutar jela kuwa, ja ne ke fuskantar gaba a kowane ɓangare. Bayan duk sun kwana, a goge sauran gam da ɗanyen tsumma, a shafa fenti marar launi mai kashe sheƙi, sannan a cire salatif ɗin gilashi. In wannan shafi ya hau gilashin, zai yi hazo.

In kun lissafa, aikin hannun duka bai wuce sa'o'i uku zuwa huɗu ba, amma zai ci kusan mako guda. Sauran duk jira ne, kuma shi ne abin da yaro zai fi jin wuyarsa. Iyaye, kada ku karɓe burushin don ku gama masa da sauri, sauri ya haifi nawa. Ku riƙe reza da tina, ku bar masa fentin. Layin koren zai ɗan karkace, amma nasa ne, kuma na biyu zai fi na farko.

Wanda ya gwada ya faɗa mana launin da ya zaɓa, na Ingila ko na hamada. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.