Kafin ka kai kuɗinka Katako ka sayo jibgegiyar jaket, ɗan tsaya

Wannan maganar ta 'yan uwana ɗalibai ce masu zuwa makaranta a kan mashin, musamman masu tasowa daga nesa, irin su Tilden Fulani, Bukuru, Rikkos da sauran unguwannin da sai ka yi sammako kafin ka samu lakcar ƙarfe 8 a Naraguta. Na san an hana acaɓa cikin Jos da Bukuru tun zamanin Jang, ba da su nake ba. Da mai Boxer ɗinsa nake, da mai roba-roba, da wanda abokinsa ke goyo su raba kuɗin mai.

Duk shekara abu ɗaya muke yi. Da zarar ruwa ya kankama ko hunturu ya leƙo, sai ka ga samari sun yi dafifi a Katako ana ɗaga jaket ɗin gwanjo, irin masu kumburin nan kamar an hura musu iska. Kowa so yake a ce tasa ta fi nauyi. A ganina wannan jaket ita ce ya kamata ta zama ta ƙarshe a lissafin mai mashin, amma mu ita muke fara saya, kuma sau da yawa daga ita kuɗin ya ƙare.

Ga dalilina. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, shi ya sa sanyinmu ba irin na Bauchi ko Lafiya ba ne. Amma sanyin da mai tafiya a ƙasa yake ji daban, na mai mashin daban. Idan gari yana kan digiri 10 da safe, kai kuma kana gudun kilomita 60 a awa, abin da fatarka ke ji bai wuce digiri 5 ba, saboda iska tana kwashe ɗumin jikinka tun kafin ya taru. To ƙara ruwa a kai. Ruwa yana jan zafi daga jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Jibgegiyar jaket ɗin nan idan ta sha ruwa a Farin Gada, kafin ka kai geti ta zama jiƙaƙƙen bargo, kuma haka za ka zauna da ita awa 2 a aji kana karkarwa, malami na bayani kai kana lissafin yaushe za a tashi. Ba kauri ne ke riƙe ɗumi ba, iskar da ke maƙale tsakanin kaya ce, kuma sai kayan sun kasance a bushe.

Saboda haka siraran kaya 3 sun fi ƙato 1. Na ciki kada ya zama auduga, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, ta manne maka a baya. Jesin ƙwallon nan da kowa ke da ita, ta Arsenal ce ko ta Plateau United, ta fi singiletin auduga aiki nesa ba kusa ba, don ba ta riƙe ruwa. A kanta ka ɗora suwaita ta ulu, wadda ko ta ɗan jiƙe tana da sauran ɗumi. Sannan na waje, wanda aikinsa kawai tare iska da ruwa. Daɗin wannan tsarin shi ne da rana ta buɗe ƙarfe 11 sai ka cire ɗaya ka cusa a jaka, ba ka yawo da gumi kamar mai gasa burodi.

Rigar ruwa kuwa, don Allah a nemi mai riga da wando. Doguwar nan mai kamar tanti da ake zurawa ta kai, wadda wasu har kan mashin suke lulluɓewa da ita, ni ban yarda da ita ba sam. Iska na ɗaga ta, tana rufe madubi, bakinta na lilo kusa da taya da sarƙa, kuma duk da haka cinyarka sai ta jiƙe. In za ka saya, ka juya cikinta ka duba ɗinkin, ka ga ko an like shi da wani siririn tef, domin ta ramin allura ruwa ke shiga. Ka duba ko akwai murfi a kan zif ɗin. Ka gwada ta a kan suwaitarka, ka tsuguna kamar kana kan mashin, ka miƙa hannu gaba. Idan hannun rigar ya ja baya ya bar wuyan hannunka a waje, ajiye musu kayansu. Kuma a daina zaɓen baƙa. Na san baƙa ta fi gayu, amma direban tirela da ke gangarowa cikin marka da magariba, gilashinsa duk ruwa, ba gayunka yake gani ba. Ruwan lemo, ɗorawa, ko ka ɗora 'yar falmaran ɗin nan mai ƙyalli ta ma'aikatan hanya. A yi maka dariya a bakin fakalti, ba komai.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu: hannu da kai.

Safar hannu ba kwalliya ba ce. Birkin gaba a hannun dama yake, kuloci a hagu. Duk wanda ya taɓa tuƙi da asuba a watan Disamba ya san yadda yatsu ke ƙagewa, har ka sauka ka kasa ɓalle maɓallin riga ko ka riƙe biro. To waɗannan yatsun da suka kasa riƙe biro, su kake jira su damƙi birki cikin ƙiftawar ido ranar da keke ya yanko maka ba sigina? Kuma ranar da mutum ya faɗi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba ya shawara da kowa. Ɗalibin da kwalta ta ɗaye wa tafin hannun dama mako 2 kafin jarabawa, wa zai rubuta masa? Ka nemi ta fata ko mai kauri a tafi, wadda ta haura wuyan hannu. Ta ulu zalla iska na ratsa ta, ruwa kuma na jiƙa ta nan take. In aljihu ya yi ƙasa, ka sa ta ulun a ciki ka ɗora ta robar nan ta wanke-wanke a kai. Muni kam akwai, amma ruwa ba ya shiga. Ka dai tabbatar kana iya lanƙwasa yatsunka sosai kafin ka hau titi.

Hular kwano kuma, mun mai da ita abin da ake sawa don 'yan rod sefti. Waɗanda suka girme mu suna ba da labarin farkon 2009, lokacin da FRSC ta fara tilasta dokar, yadda wasu suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka. Muna dariya, amma hular leburorin gini da wasunmu ke ɗorawa ba tare da igiya ba, da me ta fi ƙwaryar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alƙaluman cewa hular kwano ta ƙwarai, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Sharaɗin shi ne a ɗaure. Wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kanka ya kai ƙasa. Ga masu kukan sanyi kuma, babu hular sanyin da ta kai hular kwano mai rufe fuska har haɓa. Kunne, hanci, wuya duk a rufe, ga gilashi yana tare maka ɗigon ruwan da ke dukan ido kamar tsakuwa, balle ranar da Jos ta ga dama ta sako ƙanƙara.

A nan ne kaɗai zan ce a guji gwanjo. Suwaita, wando, rigar ruwa, takalmi, duk ka sayo a dila, ni ma can nake saya. Amma abin da ke ceton kai a hular kwano shi ne farin soson nan mai tauri da ke ciki, irin wanda ake tokare sabuwar talabijin da shi a kwali. Sau 1 yake aiki. Da ya sha bugu ya matse, ba ya dawowa, kuma daga waje ba za ka gane ba. Hular da ba ka san tarihinta ba wataƙila ta riga ta ceci kan wani a wata ƙasa, ta gama aikinta. Ka nemi sabuwa mai tambarin ECE ko DOT, duk da cewa sitikar ma ana buga ta jabu, don haka ka ɗaga shafin ciki ka ga kaurin soson da idonka, ka ja igiyar da ƙarfi. Gilashin ya zama fari tas, ba baƙi ba, tunda da yawanmu sai bayan magariba muke komawa gida. In yana yin tururi da numfashinka, ɗaga shi kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa.

Ƙafa ba sai na ja ba. Silifas a kan mashin cikin ruwa ganganci ne, tafin yana zamewa a kan birki. Takalmi rufaffe, ko na roba irin na manoman Irish, ka sa na gayun a jaka. Laftof da takardu a zura su a leda 2 kafin su shiga jakar, jakar goyo ba ta tare ruwan Agusta.

'Yan uwa mata da ake goyowa, da 'yan uwana masu jallabiya da babbar riga ran Juma'a, a tattara kaya a danne a ƙarƙashin cinya kafin a tashi. Bakin hijabi ko abaya in ya shiga taya, wuya yake ja. Jiƙaƙƙen yadi kuma ya fi nauyi, ya fi saurin zubowa ƙasa.

Na san abin da za a ce mini: Malam, mutumin da ke lissafin kuɗin handawut da na mai, ina ya ga kuɗin wannan duka? Gaskiya ne, kuma shi ya sa maganata a kan jeri take. Hula tukun. Sai safar hannu. Sai rigar ruwa mai wando. Ɗumin ciki kuwa kana da shi a ɗaki, jesi da tsohuwar suwaita, in ta kama har jarida ka shimfiɗa a ƙirji ƙarƙashin riga, tsofaffin masu mashin sun san wannan dabarar tun kafin a haife mu. Kuɗin jaket mai kumburi guda, in ka ɗan ƙara, zai kai ka nesa a wannan jerin.

Akwai kuma uzurin da na fi yarda da shi fiye da na kuɗi. Da yawa suna da hular, a gida suke barinta, saboda ba wanda ke son yawo da kwano da jiƙaƙƙiyar rigar ruwa daga aji zuwa laburare zuwa masallaci, in ka bar ta a kan mashin kuma ka dawo ka tarar da wayam. Wannan aikin ƙungiyoyinmu ne na ɗalibai. Masu neman kujerar walfeya da ke bin mu da fosta, ga abin yi ƙarami: rumfa ɗaya kusa da inda ake ajiye mashina, da kanta da ƙusoshin rataya, da mutum 1 mai ba da lamba kamar yadda ake yi wa jakunkuna a ƙofar laburare. Ni dai duk ɗan takarar da ya shigo ajinmu a wannan zangon, tambayar da zan yi masa ke nan.