"Ya Murmure": Kalmar da Ke Ruɗin Masu Jinya

Kalmomin jiki suna cikin abin da ɗalibin Hausa ke fara koya: rama, ƙiba, teɓa, tumbi. Sai daga baya yake gane cewa kowace tana ɗauke da hukunci. In aka ce wa mutum "ka rame", tambayarsa ake yi abin da ke damunsa. In aka ce "ya murmure", ko "ta yi jiki", albishir ne. Ga wanda zazzaɓi ko yunwa ta kayar, wannan hukunci daidai yake. Amma akwai majinyacin da kalmar ke cuta, kuma shi nake son mu duba, musamman a gari mai zafi irin Garwa.

Ciwon shi ne wanda likitoci ke kira baifola, wanda mu kan cusa cikin buhu ɗaya da sauran, mu ce taɓin hankali ko iska. Fuska biyu gare shi. Wani lokaci ɗoki ya kama mutum kwana da kwanaki: barci ya ƙaurace masa, magana ba tsayawa, kuɗi su zube a hannunsa. Wani lokaci baƙin ciki ya danne shi har tashi daga shimfiɗa ya gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi da kimanin miliyan 40 a shekarar 2019.

Magani yana aiki, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai manyan magungunan, wato litiyam da balfurowet da olanzafin, suna ƙara nauyi, na ƙarshen kuma ya kan ɗaga sukari da kitsen jini. Abin da dangi ke gani shi ne ɗansu ya daina surutu, yana ci, yana barci, kumatu sun ciko. Sai a yi hamdala, a ce ya murmure, a ƙara masa malmala. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura. Hukumar da na ambata ta nuna cewa masu tsananin ciwon ƙwaƙwalwa su kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin tsararrakinsu, akasari saboda cututtukan jiki irin ciwon zuciya da na sukari, shi ya sa ta fitar da ƙa'idoji kan lafiyar jikinsu a 2018. Akwai kuma ɗaya gefen: budurwar da ƙawaye suka fara yi wa ba'a kan teɓa, ta jefar da ƙwayoyin a ɓoye, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo. Ra'ayina shi ne ƙibar nan wani ɓangare ce na jinyar, kuma a yi maganinta ba tare da an taɓa ƙwaya ɗaya ba sai da izinin likita.

Shawarar "a motsa jiki, a rage gishiri" da ake kwafowa daga littattafan Faransa tana buƙatar gyara kafin ta zauna a nan. A Maris da Afrilu zafin Garwa ya kan wuce digiri 40. Mai shan litiyam, in ya yi gumi da yawa bai sha ruwa ba, ko ya yanke gishiri farat ɗaya, maganin yana taruwa a jininsa har ya zama guba: rawar hannu mai tsanani, amai, gudawa, tangaɗi. Saboda haka tafiyar ƙafa bayan asuba ko bayan magariba ta fi gudu da rana, gorar ruwa kuma a hannu. Litiyam da kansa yana sa ƙishirwa, kuma nan ne tarkon yake, domin da lemon kwalba da zoɓo mai sukari da shayi ake kashe ta. Kofi biyar a wuni, kowanne da cokali uku na sukari, sun isa su rusa duk tafiyar asuba.

Abinci kuwa ba sai an nemo na waje ba. Ga dawa da masakwa, ga kifin Binuwai da na Lagdo, ga yakuwa da zogale da kuɓewa. Abin ragewa shi ne suya (a garin da hedkwatar Sodecoton take, man auduga ba ya wuyar samu) da girman malmala. Amma mu mutane ne masu cin akushi ɗaya. Ware wa majinyaci ɗan kwanonsa ƙara nuna shi da yatsa ne. Tukunyar gidan ce za ta canja, don haka wadda ke girki ita ya kamata ta zauna gaban ma'aikacin lafiya tare da shi. Haka nan barci: rashinsa yana tayar da ɗoki, shi ya sa maganar azumi da sahur take buƙatar zama da likita tun watan Sha'aban, ga shi shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Wani zai ce wannan duk ƙawa ce, tun da likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Kamaru, manyan sassan kula da su kuma suna kudu, a asibitin Jamot na Yawunde da Laquintinie na Duwala. Gaskiya ne, amma abin da nake nema ba ya buƙatar ƙwararre. Sikeli ne, da tef na awon ƙugu, da na'urar awon jini, da gwajin sukari lokaci-lokaci. Kowane nas zai iya. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, tana horar da likitoci, kuma ya dace su fito da wannan al'ada: a rubuta nauyin majinyaci a katinsa ranar da ya fara magani, a sake rubutawa duk zuwa. In lambar ta fara hawa cikin watannin farko, likita yana da zaɓi, ko ya sauya maganin da wanda bai cika ƙara nauyi ba, ko ya haɗa masa da metfomin, tun kafin riga ta ƙi shiga.