Ƙasar Kuraye da Zakoki: Kada Mu Yi Musu Kuɗin Goro

 A wannan mako za mu duba wani salon ƙagaggen labari da matasa ke rububinsa a duniya, wato gina sabuwar duniya tun daga tushe: ƙasarta, jama'arta, sarautarta da dokokinta. Masu wannan salo sukan cika duniyar tasu da halittu masu tafiya da ƙafa biyu, suna magana, suna ciniki, suna aure kamar mutane, amma kai da fata na zaki ne, ko damisa, ko kura.

Mu dai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a Lakwaya, ko Getso, ko Kabo, ya kuma taɓa zama gaban kaka bayan an ci tuwon dare, ya ji yadda Kura ke zuwa kasuwa, Zaki ke yanke shari'a, Gizo kuma yana yi musu wayo su duka. Tun tsakanin 1911 da 1913 wani Baturen mulki mai suna Frank Edgar ya buga irin waɗannan tatsuniyoyi a littafi mai juzu'i uku, akasarinsu malamai ne suka rubuta da ajami. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wasu a Tatsuniyoyi da Wasanni. A can ƙasar Jamus ma, a shekarar 1939 an tono wani mutum-mutumi a cikin kogo, jikin mutum da kan zaki, wanda aka sassaƙa da hauren wata irin giwa ta zamanin da. Masana sun ce ya kai kimanin shekara 40,000. Ashe ɗan Adam ya daɗe yana wannan tunani.

Sai dai akwai wani bambanci da muke so ku riƙe. A tatsuniya Kura ɗaya ce. Kwaɗayinta da wautarta nata ne, muna yi mata dariya ne don mu gane masu irin halinta a cikinmu. Amma ranar da kuka ce za ku ƙirƙiri ƙasar Kuraye, mai jarirai da tsofaffi, mai malamai da 'yan kasuwa, to kun tashi daga mutum ɗaya kun koma kan al'umma. Idan kuka ce dukkansu maƙetata ne tun daga haihuwa, kun yi wa al'umma guda kuɗin goro, labarinku kuma ya mutu tun kafin ya fara, domin mai karatu ya riga ya san wanda zai ci amana a shafi na ƙarshe.

Ku fara da kurar gaskiya

Maganin wannan shi ne ku san dabbar kafin ku mayar da ita mutum. Karin maganarmu ba su bar kura da mutunci ba: ba a ba kura ajiyar nama, in kura na maganin zawo ta yi wa kanta. Amma masu binciken namun daji sun gano wata kura dabam. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya yi shekaru yana bin kuraye a dazukan Serengeti da Ngorongoro na ƙasar Tanzaniya, ya fitar da littafinsa a 1972. Ya nuna cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce ta gaske, mafi yawan abin da take ci ita ke kamawa da kanta. A Ngorongoro ma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da kuraye suka kashe. Kun ga sarkin dawa da cin guminsu, amma su ake kira ɓarayi.

Ga wasu abubuwan kuma. Kuraye na zama ne dangi-dangi, wani dangin yakan kai 80. Mata ne ke shugabanci, sun kuma fi maza girman jiki. Ɗiya tana gadon matsayin uwarta, maza kuwa in sun girma sukan bar gida su koma wani dangi, su fara daga ƙasa. Haƙoranta na farfasa ƙashi, cikinta ya narkar da shi. Kukanta na kaiwa nisan kilomita da dama, kuma 'yan uwanta na gane muryarta. Duk da kamarta da kare, masana sun ce ta fi kusa da dangin kyanwa. Akwai kuma 'yar uwarta mai zane-zane, wato sayaki, wadda ta fi son kaɗaici.

Shi kuwa zaki yakan kwashe har sa'o'i 20 a rana yana kwance. Matan garke 'yan uwan juna ne, su ne ke yawancin farauta, su ne kuma ke dawwama a wurin. Maza daga waje suke zuwa su ƙwace garke, su riƙe na 'yan shekaru, wasu su zo su kore su. Damisa ƙi sabo kuwa ita kaɗai take yawo, ta kan haye bishiya da abin da ta kama don kada a ƙwace mata.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai ƙofa ce ta shiga labari. Idan mata ke mulkin Kuraye, to Magajiya ce ke kan gado, kamar yadda tarihi ya ce an yi sarauniyoyi a Daura. Yaya rayuwar saurayin da dole ya bar garinsu ya zama bare a wani gari? Idan sarkin Zakoki kullum baƙo ne da ya zo da ƙarfi, wa ya san iyakar gonaki da tarihin gari? Gwaggwanni da iyaye mata. To wa ke mulki a zahiri?

Ku gina a kan ƙasar da kuka sani

Da yawa daga masu fara rubutu sukan aro dusar ƙanƙara da dogayen gidajen sarauta daga finafinan ƙetare, alhali ba su taɓa ganinsu ba. Ku da kuke yankin Gwarzo da Kabo kuna da abin da ya fi wannan. Kun san damina gajeriya ce, rani dogo. Kun san gonakin dawa da gero da masara da gyaɗa, da fadama, da burtalin da shanu ke bi, da yadda rafi ke ƙafewa bayan kaka, da ƙurar hunturu, da hayaniyar ranar kasuwa. Ku shimfiɗa taswirar Lakwaya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ku sauya sunaye, ku zaunar da Kuraye a gabas, Zakoki a yamma, sannan ku fara yi wa kanku tambayoyi.

Me suke ci? Masu cin nama ba za su rayu da tuwo ba, don haka dukiyarsu garke ce, noma kuma don dabbobi ake yinsa. Wace sana'a ta dace da su? Jama'ar da ba ta zubar da ko ƙashi za ta yi fice a fawa da jima da dukanci. Yaushe kasuwarsu ke ci? Kuraye 'yan dare ne, to kasuwa sai bayan magariba. Fadar Zakoki kuwa ba za ta buɗe ba sai rana ta yi sanyi. Damisoshi da ba su da gari za su iya zama fatake da 'yan aike tsakanin ƙasashen biyu, kowa na bukatarsu, ba wanda ya yarda da su. Mai farata yaya zai riƙe alƙalami? Ina wutsiya za ta bi a jikin wando? Irin waɗannan ƙananan tambayoyi su ke sa mai karatu ya ji kamar ya taka ƙasar da ƙafarsa.

Sannan ku nemo rikici wanda kowane ɓangare ke da hujja. Misali, tafki ɗaya ya rage a tsakiyar rani. Kakannin Kuraye ne suka haƙa shi, amma a cikin ƙasar Zakoki yake. Garken kowa na mutuwa. A nan za ku sami Kura mai amana da Kura maciyar amana, Zaki adali da Zaki azzalumi, da yarinyar da ta san gaskiya amma tana tsoron faɗa. Hali na mutum ɗaya ne, shi zai zaɓa, shi kuma zai ɗauki sakamakonsa.

Dalilin da ya sa muka damu

A fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1994, kuraye duka 'yan koren mugu ne, suna zaune a wuri mai duhu cike da ƙasusuwa. A wasan Dungeons & Dragons ma, wanda aka fara a Amurka a 1974, akwai wani jinsi mai kan kura da aka daɗe ana nunawa a matsayin maɓarnata. Wani zai ce ai wasa ne. To amma alƙalamin da ya saba rubuta cewa jinsi kaza duk miyagu ne, yana koya wa zuciya ta yarda da hakan a kan mutane. A wannan shekara ta 1994 a ƙasar Ruwanda, wani gidan rediyo ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, aka kuma hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana 100. A nan gida ma muna jin yadda ake ɗora wa ƙabila guda, ko mutanen gari guda, laifin wasu tsiraru daga cikinsu. Marubuci na iya ƙara wa wannan wuta itace, yana kuma iya yayyafa mata ruwa.

Akwai ma darasi a wurin gardawa masu wasa da kura, waɗanda ke zagaya kasuwanninmu da ita cikin takunkumi da sarƙa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi su a 2005 da 2007, hotunansa suka zaga duniya. Bahaushe ya riga ya taƙaita lamarin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A birnin Harar na ƙasar Habasha kuwa, akwai masu fita bayan ganuwa da daddare su ciyar da kuraye da hannunsu, gari da kura suna zaman lafiya. Dabba ɗaya ce, mutane ne suka bambanta a yadda suke kallonta.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki shafi biyu na littafin rubutu. A na farko ku zana taswirar ƙasarku, ku nuna ruwa, kasuwa, burtali da iyaka. Ku rubuta dokoki uku na Kuraye da uku na Zakoki, kowace doka ta samo asali daga halin dabbar na gaskiya. A shafi na biyu ku ba da labarin rikicin tafki daga bakin wata yarinya 'yar Kuraye da ta je ɗiban ruwa ta haɗu da sa'arta 'yar Zakoki. Kada ku gaya mana wace ce ta kirki, ku bar mu mu gane daga abin da kowacce ta aikata. Ku nuna wa malaminku na Hausa ya duba muku ƙa'idojin rubutu, sannan ku aiko wa wannan fili. Waɗanda suka fi armashi za mu buga su.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.