Shafin da Mazauna Kurmi Ba Su Cika Buɗewa Ba

In watan Disamba ya zo ƙarshe, a Sabon Ibadan da Agege da Shagamu akan ga 'yan kasuwa sun zauna da littafi suna lissafi. Mai goro yana ƙirga huhun da ya aika Kano, mai tumatir a kasuwar Mile 12 yana tuna kwandunan da suka ruɓe a hanya, dillalin shanu kuwa yana bin bashin da mahauta suka ci. Dole ne a yi lissafin, domin Janairu ba ya ɗaga ƙafa: mai gidan haya yana jiran kuɗin shekara, makaranta tana jiran na zango na biyu.

Bahaushe ma ya yi sa'a, sabuwar shekara biyu gare shi. Ga ta Bature, ga ta Hijira wadda ke kamawa da Muharram, watan cika-ciki. Da yake shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, takan riga takwararta cika da kamar kwana 11. Sau biyu ke nan ake ba mutum dama ya waiwaya.

To, amma a dubi magidancin da ya bar iyali a Katsina ko Sakkwato ya sauko Kurmi nema. In aka tambaye shi burinsa na baɗi, ba ya inda-inda: ya rufa ginin da ya kai linta, ya ƙara jari, ya biya kujerar Makka, watakila kuma, in ya rage murya, ya ƙara aure. Duk ba laifi. Amma a ce masa, "Malam, bana kwana nawa ka yi a ɗakinka?" Sai ya soma sosa ƙeya. Ya je ƙaramar Salla, ya je babba, in an haɗa duka da ƙyar a sami wata guda.

Hujjarsa ba ƙarya ba ce. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita dubu ce ko fiye. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, wanda ke leƙa gida sau huɗu ya koma sau biyu. Kafin nan, a Yunin 2022, hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas ya karya jarin samari masu yawa. Ran da mutum ya rufe rumfa kuwa, maƙwabcinsa ne ke cin kasuwarsa.

Sai dai wayar hannu, da ta kawo sauƙi, ta kawo ruɗi. Magidanci ya tura kuɗin cefane daga inda yake zaune, ya ji saƙo ya shiga, sai ya ɗauka ya sauke nauyi. Alhali kuɗi ba ya ta da yaro sallar asuba, ba ya duba littafinsa ya ga jan biron malami, ba ya lura da irin abokan da ke yi masa fito a ƙofar gida bayan isha'i. Yaron da aka bari yana rarrafe ya ga ubansa ya ruga bayan uwarsa ya ɓuya. Babban kuwa muryarsa ta buɗe ba a nan, ya saba da yanke wa kansa shawara, ran da uban ya zo da faɗa sai ya dube shi kamar baƙon da ya wuce gona da iri. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, gaskiya ne, amma a gidan gandu suke barin iyali, ga kaka ga baffa. Yau sau da yawa mace ce ita kaɗai a ɗakin haya da 'ya'ya biyar.

Malamai sukan kawo labarin Halifa Umar, wanda ya tsara kalandar Hijirar nan. Ya ji wata mata da dare tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsatu iyakar haƙurin mace, sa'an nan ya hana a riƙe soja fiye da wata huɗu, a wata ruwayar shida. Masu jihadi ke nan, balle mai sayar da albasa.

Ɗan kasuwa ya san burin da ba a yanka masa rana da kuɗi ba tatsuniya ne. Yadda yake zubin adashi don bulo da kwano, haka zai iya ware kuɗin mota na tafiya huɗu, ya rubuta watanninsu, ya sami amintaccen da zai tsare rumfa. Ya kuma tambayi uwargida nata burin, don ba a cika tambayarta ba. Wata Islamiyya take so ta koma, wata keken ɗinki, wata kuwa so take a ɗauko ta ta zauna kusa da mijinta ko da a ɗaki ɗaya ne.

Ita ba ta da littafin lissafi, amma ba ta ɓata ƙirga ba. Ta san ya tafi ana yankan gero, ga shi yanzu hunturu ya fasa ƙafafun yara, man shafawar da ya ce zai zo da shi har yau yana Agege.