Fitilar Leza Ko Randar Ruwa?

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni fili kaɗan a shafinmu na Hausa in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta tashi a ɗakin kwananmu, har ta kai kunnen 'yan kwamitin wasanni na ɗalibai.

Asalin maganar, wani ɗan'uwanmu mai gudun dogon zango ya ga a wayarsa 'yan wasan ƙasashen waje suna ɗora wata 'yar fitila mai jan haske a cinyoyinsu kafin su shiga fili. Aka ce masa sunanta leza, wai tana hana tsoka gajiya. Nan da nan mutum biyar ko shida suka ce a ɗebi kuɗin asusun wasanni a sayo ɗaya kafin tseren gidaje na bazara. Na ce ban yarda ba, aka kira ni baƙauye. To, ga dalilina.

Ba na cewa abin ƙarya ne, don na bincika. A shekarar 1960 wani Ba'amurke, Theodore Maiman, ya ƙera leza ta farko. A 1967 wani likita a Budafes ta ƙasar Hungari, Endre Mester, yana binciken ciwon daji a jikin ɓeraye, ya aske musu baya ya haska musu leza mara ƙarfi. Sai ya ga gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran fitowa. Daga nan aka soma tunanin haske kaɗan, wanda ba ya ƙuna, yana iya taɓa aikin jiki. Bayanin da masana suke yi shi ne, a cikin kowace ƙwayar tsoka akwai wasu 'yan murahu inda ake ƙona abinci ya zama ƙarfi, jan haske kuwa da wanda ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, suna ratsa fata su ɗan hura wutar murahun nan.

A 2008 waɗansu masana a Barazil, da shugabansu Ernesto Leal-Junior, suka gwada a kan 'yan ƙwallon raga 12. Aka haska wa rabinsu damtse da fitilar gaske, rabi kuma da ta wasa, ba wanda ya san wadda aka yi masa, sa'an nan aka ba su ƙarfe su yi ta ɗagawa har su gaza. Na fitilar gaske suka ƙara yawan ɗagawa. Madalla. Amma fa ku lura, mutum 12 ne, damtse ɗaya ne, a cikin ɗaki. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, waɗansu sun sami amfani, waɗansu ba su sami kome ba. Kuma abin yana da awo kamar maganin asibiti: in hasken ya yi kaɗan ba ya aiki, in ya yi yawa amfanin ya ɓace. Wa zai auna mana nan? Kyaftin ɗin gida?

Sa'an nan mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mene ne ke kayar da mu a fili? A watan Maris da Afrilu zafin Yola yakan wuce digiri 40, iskar da ke tasowa daga rairayin Binuwai kamar ta bakin tanda. A cikin wannan muke fita motsa jiki tun rana ba ta karya ba. Mai gudu a irin wannan zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko biyu a sa'a guda, an kuwa daɗe da sanin in mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa sai ya ja baya. Ga mai kilo 60, lita ɗaya da 'yan kai ke nan. Da idona na ga wani abokina ya zube bayan zagaye na huɗu, leɓunansa fari fat, idanu sun kafe, muka ɗauke shi ranga-ranga zuwa inuwar dalbejiya. Da ya farfaɗo muka ji ashe tun kunun safe bai sa kome a baki ba, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwana biyu yana ɓoyewa don kada a cire shi daga tsere. Wace fitila ce za ta tashe shi? Ruwa ya tashe shi, da ɗan gishiri da sukari.

Masu dako a kasuwar Jimeta da masu tuƙa kwalekwale a Binuwai ba su karanta wannan a littafi ba, amma ka ga ɗayansu ya kama aiki ba ruwa kusa da shi? A makarantar mishan da na yi firamare, malamarmu ba ta busa usur sai kowa ya sha moɗa guda, gudu kuwa da sassafe ake yi. A lokacin muna ganin takura ce.

Wani ya ce to a sayo 'yar ƙaramar leza ta kasuwa, irin wadda malamai ke nuna rubutu da ita a allo, ai tana da araha. Wannan kam ina roƙonku ku bari. Ba don magani aka yi ta ba, kuma hasken leza yana iya lahanta ido in ya faɗa ciki. Masu aiki da ta asibiti ma tabarau suke sawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu malamai za mu zama. Gobe a tura wani Fufore, wani Song, wani Mayo Belwa, makarantar da watakila ko wutar lantarki babu, a danƙa masa yara sittin ya fita da su fili. In abin da ya koya nan shi ne maganin gajiya yana cikin na'ura, me zai yi ran da yarinya ta faɗi a rana? In gwamnatin jiha ta ga dama ta gwada leza ga 'yan Adamawa United, ƙarƙashin likita, ban da ta cewa, don su ɗan ƙari kaɗan ma yana iya ba su wasa.

Mu kuwa, shawarata ga kwamiti, a sayi randuna huɗu da moɗa a ajiye kusurwoyin fili, a kafa rumfa, a roƙi shugaban kwaleji a mai da dogon gudu ƙarfe shida na safe, kuma duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa kafin a rubuta sunansa. In kuɗi ya yi saura, ragar gola ta gidanmu ta yage tun bara.