Romon Salla da Daddawa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, Babbar Salla ta ƙarato. Mu dai a ganinmu, kuskure ne a yar da daddawa saboda dunƙulen kanti. Iyayenmu mata sukan dafa ƙashin rago da albasa da citta da masoro har romo ya yi kauri, sa'an nan su jefa daddawar kalwa. Dunƙule irin na Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908, yana da sauƙi, amma gishirinsa da yawa, alhali kuwa likitoci sun ce kada mutum ya wuce giram 5 a yini saboda hawan jini. In mu malaman gobe muka raina daddawa, wa zai koya wa yara darajarta? Da tsohuwar zuma ake magani.